Inna da Madubin Nasara

Jama'a, yau Inna ta sa Nasara ya ja doki da hannunsa.

Da hantsi muka fita daga Matameye, ni da maiɗakina da yara, muka bi kwari zuwa inda ruwan damina ke zubowa daga kan dutse yana taruwa a gurbi. Har na ce wa mahaifiyata, "Inna, ki zauna gida saboda gwiwarki." Ta harare ni, ta shige gaba.

Muna isa muka tarar da wani Nasara mai awon ƙasa da gardinsa, wato dogarin da ke yi masa tafinta, dokin Nasaran na tsaye a bakin gurbin. Madubinsa na hangen nesa ya faɗa ruwa. Gardin ya nuna ni ya ce, "Kai, shiga ka ɗauko, ko ka tafi aikin tilas na gyaran hanya!" Ni kuwa ban iya iyo ba.

Sai na ji tsundum. Inna ce, ɗiyar masunta, ta ɗaure zane ta faɗa. Shiru, shiru, sai ga ta da madubi a hannu.

Nasara ya sa gardin ya tambaye ta abin da take so.

Ta ce, "Ka gaya masa ya janye dokinsa, yana gurɓata ruwan da jikokina za su yi wanka."

Da Nasara ya ji, bai jira gardi ya janye dokin ba, da kansa ya kama linzami.