Gurbin Igiyar Kawu

A gungumen itacen da ke bakin rijiyar garinmu, kowane mai jan ruwa da gurbin da igiyarsa ta ci. Wata damina muka rasa mutum biyu: tsohuwar da ke shayar da awakin maƙwabta kafin nata, da kawuna, wanda ke jan guga yana yi wa shanunsa kirari. Ba wanda ya hana, amma muka bar gurabensu haka nan.

Ran nan wani baƙo daga ayarin gishiri ya zura igiyarsa a gurbin Kawu. Na taso zan yi masa faɗa, sai itacen ya yi kukansa sak irin na lokacin da Kawu ke jan guga. Na ce, "Bawan Allah, ja a hankali in ƙara ji."