Kawu Bitrus, Mai Coci Biyu

Duk wanda ya san Kawu Bitrus mai gyaran injin ban-ruwa a Talata Mafara ya san barcinsa na coci. Muddin ana karanta Littafi Mai Tsarki, idonsa tar, hannu a bayan kunne. Da an rufe Littafin an shiga wa'azi, sai minshari.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kabu-kabu nake yi da babur, kuma ni na sha wahalarsa kowace Lahadi. Da sassafe in kai shi cocin Katolika wajen Fada, limaminsu, a tashi in kwashe shi zuwa cocin matarsa, Inna Saratu, na 'yan Furotesta. Kawu bai iya karatu ba. Burinsa guda ne: ya ji Littafin nan kaf da kunnensa kafin ya mutu.

Na ce, "Kawu, ka zaɓi guda mana, bayana ya gaji."

Ya ce, "Kai, wawa! Wajen Fada ana zuba tuwo, Tsohon Alkawari, Zabura, wasiƙa, Bishara, amma miyar cokali guda. Wajen Fasto aya biyu, miya tukunya. Mi zan bari?"

Ran nan Fasto ya tare shi a ƙofa. "Baba, kullum ina wa'azi kana barci."

"Fasto, ai Allah ya gama magana. Saura kai."

Wayyo! Inna Saratu ta yi sati ba ta gaishe shi ba.

Fada ma bai tsira ba. Wata shekara da azumi Kawu ya je gyara a Bakura, ya ji Malam Sani mai lambu yana cewa sun kusa sauke Alƙur'ani a tarawihi. Ko man hannunsa bai wanke ba ya ce in kai shi gidan Fada.

"Fada, maƙwabta cikin wata guda sun sauke nasu. Mu yaushe?"

Fada ya ce karatun Lahadi sai shekara uku yake zagayowa, kuma ba kowane shafi ake bi ba.

"Ba kowane ba? To sauran wa kuke aje wa, gara?"

Da ciwo ya kwantar da shi, Fada da Fasto suka haɗu a ɗakinsa, kowa na lallaɓa zancen inda za a yi masa jana'iza. Kawu ya ce, "Gawar ku raba yadda kuka so. Wuraren da kuka tsallake a Littafin nake bin ku bashi. Ku buɗe!"

Haka suka riƙa zuwa da la'asar, suna karɓa-karɓa. Aka kai wurin sunaye, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, shafi bayan shafi. Fada na cikin karatu sai muka ji minshari. Muka waiwaya. Fasto ne, baki buɗe!

Kawu ya yi dariya har da tari. "Ku ƙyale shi. Wanga bawan Allah ya rama."

Ba su kai ƙarshe ba. Saura kaɗan cikin littattafan annabawa Kawu ya cika, hannunsa a bayan kunne. Ranar jana'iza cocin biyu suka hallara, har da Malam Sani daga Bakura. Aka yi karatu mai tsawo, wa'azi kuwa kowa ya gajarta.

Har yau in Lahadi ta yi, nakan ji bayan babur ɗina wayam. Allah ya ji ƙanka, Kawu. Abin da ya rage, Allah ya sa ka ji shi daga bakin Mai Littafin.