Gurbin Igiya a Bakin Rijiya

Jiya na bi ta ƙauyenmu Isawan a kan moto, na tarar an sa wa tsohuwar rijiyarmu famfo, an cire itacen da ke gicciye a bakinta. Sai na tuna marigayiya kakata.

Ba ta taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko. Shekarar da na faɗi jarrabawa a Mayahi, na dawo gida na ce na bar karatu, kaina ba ya riƙewa. Da safe ta ja ni rijiya, ta kama yatsana ta cusa cikin gurbin da igiyar guga ta ci a jikin itacen. Ga santsi, ga sanyi.

"Maigida, wace rana igiya ta yi wannan?"

"Ba aikin rana ɗaya ba ne, Kaka."

"To ƙwaƙwalwa ma haka take. Amma sai jarrabawa ta matso kake buɗe littafi."

Na maimaita ajin, kullum shafi guda. Yau ina koyarwa a Tasawa. Itacen ya tafi, yatsana bai manta ba.

Allah ya sanyaya makwancinta kamar bakin rijiyar nan.