Kawu Sale da Tumbin Sikotilan

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin Kawu Sale ya san ba a taka dutse sai an yi masa sallama. Zai tsaya a gindinsa, ya cire hular sanyi, ya ce, "Salamu alaikum, wucewa za mu yi." Sai ya kasa kunne. Ran da na fara binsa, ni ɗan ƙanwarsa, na ce, "Kawu, ya amsa?" Ya ce, "Bai dai ce a'a ba. Mu je."

Shi ya kafa mana wannan ƙungiya ta masu hawan dutse bayan ya yi ritaya daga aikin safiyo, shi kuma ya ɗora mana fitar lokacin sanyi: mu bar gari ran Asabar, mu kwana a gindin dutsen Zaranda, Lahadi mu dawo muna ɗingishi. Komai nisan ƙololuwa, in ka tambaye shi amsa ɗaya ce: "Saura ƙiris." Wata shekara Malam Buba na Inkil, mutumin da ya tashi a bayan shanu, wanda ba a kai shi ƙasa a tafiya, ya zube a kan fa yana haki.

"Alhaji, don girman Allah, ƙiris ɗin ɗazu ne ko wani sabo?"

"Na ɗazu ƙanensa ne. Wannan shi ne babban."

To, sai tumbi! Kun san a samartakarsa an tura shi kwas Sikotilan. Wasu kan dawo da kwat, wasu da Turancin hanci. Kawu da tumbi ya dawo. Ya ce mutanen can, in sanyi ya tsananta, sukan cusa hanta da huhu da hatsi a tumbin rago, su ɗinke, su dafa, su kawo shi a faranti, wani ya miƙe ya yi masa kirari kafin a sa wuƙa. Kawu ya mayar da hatsin gero, ya zuba albasa da yaji, ya ce nasa ya fi na masu shi. Hajiya Asabe, malamar asibitin da ke kula da targaɗenmu, ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce, "Yaya Sale, yanzu na gane abin da ya sa Turawa ba sa fara'a."

Shekarar da ba za mu manta ba, an sauko bayan la'asar, yunwa kamar ta kashe mu, hannuwa sun ƙage. Kawu ya ajiye farantin tumbin a kan dutse, ya juya mana fuska, ya ɗaga wuƙa sama.

"Tumbi sarkin kayan ciki! Gidan hanta, masaukin huhu! Ƙato mai ɗinki a baya!"

Yana cikin wannan sai ga wani gwaggon biri ya sauko a nutse, kamar da shi aka yi alkawari, ya ɗaga tumbin, ya ji zafi, ya sauya hannu, ya haye abinsa.

Na ce, "Kawu! Kawu, an ɗauke!"

"Kar ka katse ni."

"Wallahi biri ya tafi da shi!"

Ya waiga ya ga faranti wayam. Ya gyara murya, ya ci gaba daga inda ya tsaya har ƙarshe. Da ya gama ya ce, "Kirarin na tumbi ne, ba na mai ci ba. Duk inda yake yana ji." Ashe Hajiya ta ɓoye kular masa da miyar taushe a bayan mota. Kawu ya ci ya fi kowa, yana ci yana cewa ai ba don halin da ake ciki ba da bai taɓa ba.

Bara ne gwiwoyi suka ƙi. Likita ya hana shi hawa, muka haɗa baki muka ƙi gaya masa ranar tafiya. Muna isa gindin dutsen muka tarar da shi zaune, ɗan acaɓa ya riga ya sauke shi.

"Yaya Sale, ba an hana ka ba?"

"Hawa aka hana ni, Asabe. Rakiya na zo."

Ya raka mu har fa na farko, nan ƙafa ta tsaya. Sauran suka wuce, na zauna da shi. Muna jiyo Malam Buba a sama yana mitar duwatsu da wanda ya kawo shi. Kawu ya yi ta dariya, sannan ya juyo gare ni.

"Ka ji ko? Tun da uwargidana Inna ta rasu, gidan nan na Ƙofar Dumi ko tari ba mai yi. Ni ba dutse nake zuwa gani ba. Mitarku nake zuwa ji."

Bai kai wani sanyin ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Inna a gidan da babu kewa. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.