Ranar da Eulogia Ta Shiga Jirgin Baƙi

Yayata Eulogia a tsibiri aka haife ta, can tsakiyar fadamar Iberá, tun kafin gwamnati ta mai da wurin gandun daji. Da aka hana farautar kada, mijinta Nicanor ya jingine mashi, ya koma yawo da baƙi a kwalekwale. Ita kuma ta kafa murhu a bakin gaɓa tana gasa musu cipa, burodinmu na rogo da cuku.

Nicanor a gida ba ya magana. Ka miƙa masa ƙoƙon shayin mate, ya zuƙa, ya dawo maka da shi, an gama hira ke nan. Amma baƙi sai su sauko daga jirginsa suna share hawayen dariya, suna ce wa Eulogia ta yi dacen miji mai daɗin baki. Abin nan ya tsaya mata a wuya. Kishi ne tsantsa, kuma ba ta ɓoye shi ba. Ba wata mace take zargi ba. Bakin nan nasa take so, wanda kowane baƙo ke samu a banza, ita ko ɗanɗane.

Ni na zuga ta. Wata Lahadi ta bar mini murhu, ta kifa malafa, ta kutsa jirgin ta zauna tsakanin baƙi.

Nicanor ya dube ta ya ce, "Tsohuwa, hanya kika ɓata?"

"Tuƙa kawai, mai jirgi. Yau ni ma baƙuwa ce."

Ya yi ta tura jirgi da gora bai ce uffan ba, har baƙi suka fara kallon juna. Da suka iso inda barewar fadama ke kiwo, dole ya buɗe baki. Ya ba da labarin yarinyar da barci ya kwashe a kan ciyawa mai yawo bisa ruwa, ta farka ta hango gidansu ya yi nisa. Ya kawo na kakar da ta raɗa wa wani ƙaton kada sunan surukinta don ta riƙa zaginsa a fili. Har murya yake sauyawa daidai inda Eulogia ke sauyawa. Labaranta ne kaf, waɗanda take zuba masa kullum da safe tana zaton da bango take magana.

Ta dawo ido jawur, ta karɓe mini mafici ta hau fifita wuta kamar da ita suka yi faɗa. Da ta ba ni labarin abin da ya faru a jirgi, na ce ai sai ta yi murna, ashe mutumin yana sauraronta.

Ta ce, "Yana ji mana. Shekara da shekaru yana ji, ko sau ɗaya bai taɓa yi mini dariya ba. Ya kwashe ya kai wa baƙi, shi ake yi wa."

Cipa na ƙonewa a gabanta, ba ta ko gani ba.