Haladu da Kiɗan da Ya Ƙi Ƙarewa

Haladu injiniyan iskar gas ne, ɗan Funtuwa, kuma tun yana ƙarami ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. A wurin kawunsa ya koyi goge, ya iya sosai, sai karatu ya ɗauke shi. Da aiki ya kawo shi Doha ya taho da gogen, amma ya jefa shi saman kabad a gidansu na unguwar Old Airport, ya yi shekara da shekaru bai taɓa shi ba.

Wata Juma'a da la'asar abokin aikinsa Ramiro, ɗan Ajantina, ya gayyace shi gidansa a unguwar Al Gharrafa. A falo ya tarar da mutum huɗu suna kiɗa: wata 'yar Labanan a biyano, biyu da gogen Turawa, babba da ƙarami, shi kuma Ramiro da wata 'yar akodiyan, abin kiɗa mai kama da zugazugi, da yake ja a kan gwiwa. Suka ce sunan kiɗan tango. Abin da ya kama Haladu shi ne yadda kiɗan ke gudu, ya tsaya cak kamar wanda ya tuna wani abu a tsakiyar titi, sannan ya fizge ya ci gaba. Ya kasa shan shayin da aka zuba masa.

A ranar ya sauko da gogensa, ya sa sabuwar tsirkiya. Ya ƙuduri niyyar tsara kiɗa na mutum biyar, su huɗun nan da shi. Bai san rubutun kiɗa ba, sai ya koya a kwamfuta, yana yi yana gogewa. A motar kamfani yatsunsa na buga kujerar gaba har direba ya yi magana. A wurin cin abinci sai ya miƙe da loma a hannu. Matarsa Hannatu ta ce ita ba ta ƙi kiɗan ba, amma tana son ta gama zance da mijinta ba tare da ya rufe ido yana gyaɗa kai ba.

Da suka fara gwaji sai matsala ta fito. Muryar gogen tana faɗawa tsakanin muryoyin biyano, suna cin karo. 'Yar Labanan ɗin ta ce ya gyara gogen ya bi biyano. Ya gwada, ya ji kamar an ɗaure masa harshe. Ya koma gida ya sake tsara tsakiyar kiɗan, ya sa biyanon ya yi shiru, ya bar goge da akodiyan suna ja-in-ja. Ya sake canzawa, ya kuma canzawa, har Ramiro ya gaji.

"Khalas, ya isa haka, Haladu," in ji shi. "Ranar Asabar za mu buga, ko ya ƙare ko bai ƙare ba."

Aka buga a falon Ramiro, gaban abokai da iyalansu. Inda biyano ya yi shiru falon ma ya yi tsit, wata tsohuwa 'yar Ajantina ta share ido. Hannatu ta riƙe hannunsa a mota, ta ce yanzu ta gane abin da ya hana shi zama.

"Baban Mansur, ya yi kyau. Ka huta haka nan."

Ya ce to. Kafin su wuce unguwar Al Muntazah ya ce mata ƙarshen ya yi saurin mutuwa, babban gogen Turawa ya kamata ya rufe, ba biyano ba.

Ba a daɗe ba kamfani ya tura shi aiki a tsakiyar teku, inda ba a yarda da kiɗa a ɗakin kwana ba. Ramiro ya koma ƙasarsu da kwafin kiɗan, ya ce zai nemi waɗanda za su buga shi a can. Har yanzu duk lokacin da Haladu ya sauko tudu hutu sai ya aika masa da sabon ƙarshe, ya ce a yar da na baya.