Tafin Malama Gunnvor

Duk wanda ya yi firamare a tsibirinmu, tafin Malama Gunnvor na nan cikin kunnensa. Shekara talatin da takwas tana datsa mana kalmomi gaɓa-gaɓa. Mu mutanen Norway kuwa ba ma tsoron tsawo, kalma uku sai mu ɗinke su wuri guda. Dokarta ɗaya ce: nauyin murya na kan kalmar farko, ita ke shan tafi mai ƙarfi, sauran su bi a hankali. Ta yi ritaya, hannun bai yi ba. Na taɓa ganinta tana tafa wa mai kantin magani sunan maganin tari, shi kuma da furfurarsa yana amsawa.

Mijinta Halstein masunci ne, wanda ko yana lafiya maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Sai shanyewar ɓarin jiki ta tafi da ɗan abin da ya rage. Likita, shi ma tsohon ɗalibinta, ya ce in bakin bai buɗe ba kafin bazara, a haƙura.

"A haƙura?" in ji Malama. "Kai yaro, da na haƙura da kai, da yanzu kana wankin kifi!"

Ni maƙwabciyarsu ce. Kullum na shiga shan gahawa sai in tarar ta sa shi gaba, tana koya masa magana gaɓa-gaɓa.

"Tsoho, buga teburin! Ba shafawa na ce ba, kyanwa ce?"

Shi kuwa sai harara. Sunanta take so ya fara faɗa, gaɓa biyu tak. Wata uku ko uffan bai ce ba. Wallahi har gahawar ta daina yi mini daɗi don tausayi.

Ran nan ina zaune, ya ɗaga hannun mai lafiya ya dirka wa tebur duka guda, ya bi da ƙanana uku: "FIS-ke-sup-pe." Miyar kifi yake so.

"Ji mini ɗan banza," ta ce. "Shekara arba'in da aure, miya ta riga ni!"

Ta dafa, ta ba shi a baki. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya daɗe yana kokawa da harshensa. Ba tafi, ba bugun tebur, ya ce, "Ba gishiri, Gunnvor."

Ta tashi ɗauko gishiri. Ba ta fito daga kicin ba sai da miyar ta huce.